Dokin Ƙofar Kawu

Kafin in ce komai a kan Kawu, yayan mahaifiyata, Allah ya yi masa rahama, gara in faɗa tun yanzu cewa ban amince da tunanina sosai ba. Wasu abubuwan na gan su da idona, wasu a bakin mutane na ji su wajen zaman makoki. Tun rasuwarsa kuma barcina ba ya nisa, har na kai ina kasa rabe abin da na gani da wanda aka ba ni labari. Duk inda na ce "ina jin", to ji ne kawai. Na zauna a gidansa na Lugbe, a Abuja, tun zuwana bautar ƙasa har na samu aiki na yi aure, shi ya sa dangi suka ce ni ya kamata in rubuta wani abu. Ban tabbata sun yi zaɓi mai kyau ba.

Abin da na fara lura da shi a ranar farko ta makoki shi ne ƙafafun mutane. Duk wanda ya taɓa kwana a gidan, idan ya zo shiga falo don yi wa Inna, matar Kawu, gaisuwa, sai ya ɗaga ƙafa sama kamar mai tsallake kwata, ya sauke ta a kan babu. Dokin ƙofar da suka sani, tudun simintin nan da ya kai rabin ƙwauri, ba ya nan. An fasa shi tun da rani. Wani darakta a wata ma'aikatar tarayya, wanda ya taɓa yin watanni a kan tabarmar falon yana neman aiki, ya ɗaga ƙafa haka cikin babbar rigarsa, ya yi taga-taga, ya tsaya yana kallon ƙasa. Sai kawai ya fashe da kuka. A maƙabarta kuwa bai yi ko hawaye ba.

Wasu dariya ce ta kuɓuce musu, suka yi saurin rufe baki. Wani tsohon direban ofishin su Kawu ya nuna tabon da ke ƙwaurinsa ya ce, "Wannan na Alhaji ne. Ya tafi bai ba ni haƙuri ba." Mahaifiyata, da muke kira Umma, ta iso daga gida da yamma. Ita ba ta yi kuka a ƙofar ba, ba ta kuma yi dariya ba. Ta dubi wurin, ta dubi sama, ta ce, "Wa ya fasa wannan, ga damina a ka?"

Tambayar Umma ce ta hana ni sukuni tun daga ranar. Inna tana takaba, ta kuma ce a gidan mijinta za ta yi ta har ta fita. Titin da ke gaban gidan ya fi daɓen falon tudu. Inna tana da tsohon ciwon ƙirji, da ta shaƙi danshi tari ya tashi. Babban ɗansu, wanda nake kira Yaya, yana zaune a bene a Wuse, shi kuma ya ce ranar da ruwa ya shiga gidan, ranar zai zo ya ɗauke ta; ya tambayi malamai, sun ce lalura ta halatta. Inna ta ce sai dai ya haɗa da gadon. Ba su faɗa wa juna wannan baki da baki ba. Yaya ɗan fari ne, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari yadda aka riƙe ta a garinmu: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Mutumin Wuse" take ce masa. Saboda haka duk saƙon da zai wuce tsakaninsu, ta kaina yake bi.

Bari in koma baya, in faɗi yadda ƙofar ta zama haka.

Kawu ya gina gidan a shekarun farko na dawowar mulkin farar hula, lokacin da kuɗi ke yawo a Abuja, kowane ma'aikaci na neman fili a hanyar filin jirgi. A lokacin, idan ban manta da yadda yake ba da labarin ba, gidaje ƙalilan ne a layin, sauran duk gonakin doya. Ya buɗe ƙofarsa tana kallon gabas. A garinmu ba a yin haka, domin daga gabas hadari ke tasowa, kuma Kawu ya fi kowa sani. Umma ta yi masa magana tun ana aza harsashi. Ya ce, "Wanda ya sauka daga mota da buhu a ka, bai san kowa a garin nan ba, shi zan sa ya zagaya neman ƙofa? Titi yana gabas, ƙofa titi za ta kalla."

Haka kuwa aka yi. Duk ɗan garinmu da ya zo Abuja neman aiki, ko bin fansho, ko jinya, a falon nan yake sauka. Akan shimfiɗa tabarmi tun daga jikin bango har bakin ƙofa. Wanda ya zo daga baya shi ne na bakin ƙofa, shi ne kuma na farko da zai san an yi ruwa.

Da unguwa ta fara cika, kowa ya zo gini sai ya kira tifa ta zuba jar ƙasa a gabansa don ya fi maƙwabcinsa tudu. Titi ya riƙa hawa, gidan Kawu yana nan inda yake. Shi kuma duk shekara, kafin ruwan farko, sai ya kira birkila a ƙara wa dokin ƙofar siminti, a kira mai walda ya rage ƙasan ƙyauren don ya dace. Wanda ya duba da kyau yakan ga layi-layi a jikin tudun, kowane da launinsa, na shekarar da siminti ya yi arha da na shekarar da ya yi tsada.

Amma tudun ba shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalinsa ba. Ya ce tudu na ruwan ƙasa ne. Feshi da iska ta tsaga suke bi. Yana da hanyarsa ta gano tsagar. Da hantsi, lokacin da rana ke dukan ƙofar kai tsaye, sai ya rufe ta, ya saki labule, ya durƙusa a cikin duhun falon yana bin gefen ƙyauren da ido. "Duk inda haske ya samu hanya," in ji shi, "ruwa ma ya gani." Sai ya sa alli ya yi alama. Daga nan ya yanko robar cikin taya, wadda yake karɓowa wajen mai faci a bakin babban titi, ya ninka ta biyu, ya ɗaure ta a gefen ƙyauren da ƙananan noti, leɓen robar yana kallon waje yadda idan iska ta buso sai ta ƙara danne ta. Ya taɓa gwada soson kanti mai gam da ake sayarwa a kasuwar Wuse. Damina ɗaya ya sha ruwa ya ruɓe, Kawu bai sake yi masa kallon arziki ba.

Bayan roba sai gwajin buta. Wannan kam babu baƙon da ya tsira. Ko mai digiri biyu ne kai, ko jiya ka iso, za a miƙa maka buta a ce ka fita waje ka watsa wa ƙofa ruwa, wani yana ciki yana dubawa. Idan ka zuba a hankali sai ka ji muryarsa daga ciki: "Watsa mana! Hadari ba alwala yake yi ba!"

Ni yawanci a ciki ake ajiye ni. Ranar farko ya tambaye ni daga waje, "Ya shigo?"

Na ce, "Kawu, wataƙila akwai ɗan danshi, amma ban tabbata ba ko daga…"

"Malam Wataƙila! Abin da aka koya muku a jami'ar ke nan? Sa hannu. Jiƙe ko bushe?"

"Jiƙe."

"To, ka ga ka faɗa, ba ka mutu ba."

Sunan ya bi ni har yau. A wajen makokin ma da shi wasu suka yi mini gaisuwa.

Dalilin da ya sa ya damu da ƙofa haka, ban sani ba tabbas. Umma ta ce tun yana saurayi ne a Legas, ya kwana a bakin ƙofar wani ɗan garinmu, ruwa ya jiƙa masa rigarsa guda ɗaya tak a safiyar da zai je neman aiki. Da na maimaita wa Inna wannan, ta ce ita ba ta taɓa ji ba, abin da ta sani shi ne mutumin ba ya ƙaunar kwaɗi. Shi kansa bai taɓa gaya mini komai ba. Abin da na gani dai, ba ya rabo da naɗin roba a bayan motarsa, kuma idan ya je gidan mutum, ƙasan ƙofa yake fara kallo kafin fuskar mai gida. Mun taɓa zuwa walima gidan wani abokinsa da ya yi kuɗi da kwangila, ya sa ƙofar da aka yo oda daga waje, mai sheƙi. Kawu ya tattare riga ya durƙusa a gaban baƙi, ya zura yatsu huɗu a ƙarƙashinta, ya ce, "Alhaji, ƙofar ta yi kyau. Amma ɓera zai shiga nan da iyalinsa, bai sunkuya ba."

Ba zan ce ba shi da zafi ba, don yana da shi. Rigimarsa da maƙwabcinmu na hannun dama ta daɗe. Mutumin Kogi ne, ma'aikacin banki. Ya malale gaban gidansa da kankare, ya karkata shi ta wajenmu, duk ruwan rufinsa ya dawo ƙofar Kawu. Na ji musunsu ta taga.

"Oga Alhaji, ruwa ba nawa ba ne. Ruwa ya zo daga sama, ta wuce gidana, ta zo gidanka. Ni ban aike shi ba."

"Ba ka aike shi ba, amma kai ka nuna masa hanya."

Daga nan gaisuwa ta yanke. Ina jin sun fi shekara a haka, ko da yake wani zai iya cewa ba ta kai ba. Abin da ban sani ba sai a zaman makoki, daga bakin maƙwabcin da kansa, shi ne abin da ya faru a tsakiyar gabar. Matarsa ta haihu cikin marka, Inna ta shiga barka, ta dawo tana cewa iska na busowa ta ƙasan ƙofarsu har kan jaririn. Washegari da safe maƙwabcin ya buɗe ƙofa ya tarar da Kawu a durƙushe da roba da guduma.

"Bai gaishe ni ba fa," in ji shi, yana share ido da bayan hannu. "Na ce, Oga, ina kwana. Ya ce, riƙe nan. Na riƙe. Ya gama, ya kwashe kayanta, ya tafi. Gobe na gaishe shi a titi, ya juya kai. Fushi yana nan, bai ƙare ba."

Bayan ritayarsa da 'yan shekaru hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu. Ya dawo daga asibiti yana iya jan ƙafar da sanda idan wuri a miƙe yake, amma ba ya iya ɗaga ta. Masallacin unguwa yana nan kusa, daga falo ana jin gyaran muryar liman. Ƙofar baya kuwa tsakar gida kawai take kaiwa, katanga ta zagaye. Abin da ya rage tsakaninsa da jam'i shi ne tudun da ya gina da kansa.

Da farko mutum biyu ke kama shi ta hammata su tsallakar da shi. Ya jure na ɗan lokaci. Wata rana ana cikin ɗaga shi hularsa ta faɗi, mutane na wucewa zuwa la'asar, wani ya ɗauko ya kaɗe ya ce, "Sannu, Alhaji, sannu," da irin muryar da ake yi wa jariri magana. Da ya dawo ya zauna, ya ce a nemo birkila da babbar guduma.

Ina gidan ranar, na zo duba shi. Ban taɓa jin Inna ta ɗaga masa murya ba sai a wannan karon.

"Alhaji, ka san yawan tsumman da na matse kafin tudun nan ya kai haka? Kai ka gina, ni na san abin da ya tare."

"Ni na gina, ni zan rushe."

"Ka yi sallarka a ɗaki mana. Allah ya san lalurarka."

"Ya sani. Ni ne ban yarda ba tukuna. Ni ba buhun masara ba ne da za a riƙa tsallakarwa."

"To idan ruwa ya shigo, da hannu ɗaya za ka kwashe?"

Ni da nake zaune na rasa inda zan sa idona. Inna ma ina jin ta so ta janye maganar, amma ta riga ta fita. Kawu ya daɗe yana kallon hannun nasa da ke kwance a cinya. Can ya ce, "Kafin hadarin farko zan yi masa dabara. Na yi miki alkawari."

Ranar da aka fasa, Inna ta koma tsakar gida ta ƙure muryar rediyo. Ta yi kwanaki ba ta ce masa komai ba in ban da "ga abinci". Shi kuma ya sa aka fitar masa da kujerar roba, ya zauna yana nuni da sanda. Aka share wurin ya zama daidai da daɓe, aka yi 'yar shimfiɗar siminti mai hawa a hankali zuwa titi. Kowa ya gani ya san cewa abin da zai sauƙaƙa masa fita shi ne zai sauƙaƙa wa ruwa shiga.

Dabarar tasa ita ce wannan. Ya sa mai walda ya kafa ƙarfe biyu masu kwarmi a tsakiya, ɗaya a kowane gefe na ƙofar, daga ƙasa zuwa gwiwa. Ya sa aka yanko katako mai kauri da za a zura a cikinsu daga sama idan hadari ya haɗu, a zare shi idan gari ya washe. Tudu ne dai, amma wanda ake ɗagewa. Zai yi wa katakon leɓen roba ta gefe biyu da ƙasa.

Sauran watannin rani da ƙafarsa ya riƙa zuwa masallaci. Yakan fita tun kafin a kira salla don ya samu sahu, yana jan ƙafar, takalmin hagu yana yin layi a ƙasa. Ba ya yarda a riƙe shi. Na sha ganin Inna a bayan labule tana binsa da ido har ya shige, idan ta ga na lura sai ta ce ƙura take kaɗewa.

Ya gama robar gefe biyu da hannu ɗaya, yana danne katakon da gwiwa. Maganarmu ta ƙarshe a waya, ya ce, "Malam Wataƙila, kusurwoyin ƙasa su ne matsala, inda robar gefe ta haɗu da ta ƙasa. Amma na gano yadda zan yi. Idan ka zo Asabar zan nuna maka." Kafin Asabar ya faɗi a sahu ana sallar azahar. Aka kai shi asibiti, bai farfaɗo ba.

Bayan an share makoki Yaya ya zo da birkila da buhunan siminti, ya ce a mayar da tudun yadda yake a huta. Na ɗauka Inna za ta fi kowa murna, tunda ita ce ta yi faɗa a kan fasa shi. Na shiga na gaya mata. Tana zaune a kan darduma da carbi, ta dubi katakon da ke jingine a bango.

"Ka ce wa mutumin Wuse ya mayar da simintinsa."

"Inna, ai ke kika ce…"

"Na san abin da na ce. Ya yi mini alkawari zai yi dabara. Ga dabarar nan a jingine. Ba za a binne masa ita ina kallo ba. Ka ƙarasa ta."

Na fita na gaya wa Yaya. Ya riƙe ƙugu ya ce, "Katako? A wannan titin? To ka gaya mata na ji. Amma maganata tana nan, kuma kai zan tambaya, don na san ba ka iya ƙarya ba."

Na ƙarasa katakon iyakar iyawata. Na ɗaura robar ƙasa, na ninka ta a kusurwa ta wannan fuska, na warware, na ninka ta waccan. Na shafa kwalta a gindin ƙarafan. Ruwan farko da na biyu ba su yi ƙarfi ba, katakon bai ma jiƙe sosai ba. A ofis ina aiki ina leƙen gabas ta taga. Da na ga gari ya fara haɗewa sai in nemi izini in kama hanyar Lugbe, har ogana ya fara tambaya ko noma na koma.

Babban ruwan ya zo wata ranar Lahadi bayan la'asar, ina gidan. Na zura katakon, na taka shi ya zauna, na rufe ƙyauren a bayansa. Iska ta fara, feshi ya riƙa dukan ƙofar kamar ana watsa tsakuwa, amma robar Kawu ta gefen ƙyaure ba ta bar ko ɗigo ba. Na leƙa ta taga. Titi ya zama rafi, jan ruwa ɗauke da ledoji da robobin lemo, ya gangaro shimfiɗar ya taru a jikin katakon, yana hawa. Katakon ya riƙe. Har na fara cewa alhamdu lillahi.

Sai na ga wani siririn zare yana fitowa ta kusurwar hagu. Ya bi gindin bango a hankali, ya tsaya, ya yi kauri, ya ci gaba. Inna ta fito daga ɗaki tana tari. Ta gan shi kafin in yi magana. Ta jawo tsumma da ƙafa ta danne.

"Idan mutumin Wuse ya bugo, ka ce bai shiga ba."

"Inna, ai ya ɗan…"

"Wannan ne ruwa? Wannan ai gumi ne. Kai ka taɓa ganin ruwa a gidan nan kuwa?"

Tsumman ya jiƙe, ta sauya wani. Wayata ta fara ƙara a aljihu. Na bar ta ta katse, ta sake farawa. Na shiga kicin na rufe ƙofa. Ina jin tarinta ta bango. Na kuma san idan aka hau da ita benen Wuse, ta ƙarasa takabar a ɗakin da Kawu bai taɓa kwana ba, ba za ta yafe mini da wuri ba. Ban san wanne ya fi ba, har yanzu ma ban sani ba.

"Yaya ake ciki?" in ji Yaya.

"Katakon ya riƙe, Yaya. Gaskiya ya riƙe sosai, fiye da yadda…"

"Ya shiga ko bai shiga ba?"

"Ya shiga. Ta kusurwa. Kaɗan ne, amma ya shiga."

"Tana tari?"

"Tana yi."

"Ga ni nan."

Da na fito Inna ba ta tambaye ni ba, ba ta kuma dube ni ba. Ta koma kan dardumarta ta juya fuska bango. Ni na ci gaba da matse tsumma a bokiti. Ruwa ya tsagaita. Bayan ruwa irin wannan hanyar filin jirgi takan cushe, saboda haka muka daɗe muna jira, kowace mota ta shigo layin sai in leƙa ta taga.

Yaya ya iso ana shirin kiran magariba. Na fita na tarye shi. Ya buɗe bayan mota, na ɗauka wurin akwatunanta yake gyarawa. Sai ya jawo katifa a naɗe, da jakar kayan ofis, da sabon bokiti.

"Da niyyar ɗaukarta na fito," ya ce, bai kalle ni ba. "Na yi nisa na juya, na ɗauko waɗannan. Idan na kai ta can da ƙarfi, ba za ta sake kallona ba." Ya miƙo mini jakar. "Dama dai ba kallon nawa take yi ba. Riƙe jakar nan."

Ya tuɓe takalmi, ya tsallake katakon da safa, ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta. Ta amsa wa bango. Ya shimfiɗa katifarsa a bakin ƙofa, wurin baƙon da ya zo daga baya, ya ce da ni, "Ka gaya wa Inna a nan zan riƙa kwana har ta fita. Gobe ka nuna mini yadda ake zura wannan abin."

Na juya zan maimaita, ko da yake tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Inna ta riga ni.

"Ka ce wa mutumin Wuse ya janye katifarsa daga hagu. Ta nan yake shigowa."

Yana can har yanzu. Daga Lugbe yake zuwa ofis, matarsa na aiko da miya. Kusurwar hagu ba ta daina ba. Mun sake ninka robar, mun ƙara kwalta, ta ragu amma tana nan. Shi ke matse tsumman yanzu.

Iyakar abin da na iya tunawa ke nan. Allah ya yalwata wa Kawu makwancinsa, ya sa abin da ya tare wa mutane ya tare masa. Waɗanda suka kwana a falon nan suna da yawa, wasunsu sun riga ni sanin gidan. Duk wanda ya ga na saka magana a bakin da ba shi ya faɗe ta ba, ko na gabatar da abin da ya zo daga baya, ko na rage wa wani haƙƙinsa, ina roƙo ya aiko da gyara ta hannun Umma ko Yaya, zan gyara ba tare da musu ba. Idan kuwa akwai wanda Kawu ya gaya wa yadda ya yi niyyar haɗa robar a kusurwar ƙasa, ko mai waldar ne, ko wani da ya zauna kusa da shi a masallaci, don Allah kada ya tsaya rubutu. Ya zo da kansa, ya zo da hantsi, kafin hadari ya haɗu.